Kwamfutar da Ta Yi Barci da Muryar Inna

Kwamfutar ta tsufa tun kafin ta zo hannuna. Wani abokin aiki ne ya bar mini ita da ya samu sabuwa, a shekarun da nake haɗa shirin mata daga Jega ina aika wa gidan rediyo. Baƙa ce mai nauyi, wasu haruffanta sun goge saboda yawan dannawa, batirinta kuma ba ya jure dogon aiki in ba a jone take da wuta ba. Idan aka kashe ta gaba ɗaya, kafin ta sake tashi sai ruwan shayi ya tafasa. Saboda haka na daina kashe ta. In na gama aiki sai in rufe murfin kawai, ta yi barci, wata 'yar fitila a gefenta ta riƙa ƙiftawa a hankali. In na ɗaga murfin, ta farka a daidai inda na bar ta. Shekaru muka yi a haka.

Ma'ajiyarta kuma kullum a cike take. Mai aikin rediyo ba ya son goge hira, ko da an riga an watsa ta. In na ɗauki murya mai tsawo, manhajar da nake aiki da ita takan ƙi adanawa, ta ce babu wuri. Abin da na saba yi shi ne in bar aikin a buɗe, in rufe murfi, in dawo gida in kwashe tsofaffin hirarraki zuwa wata ma'ajiya ta waje, sannan in adana sabuwar. Duk waɗanda muka yi aiki tare da irin waɗannan na'urori haka suke yi, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Inna ƙanwar mahaifiyata ce, a Maiyama take zaune wajen ɗanta. Mahaifiyata ta rasu ban shiga makaranta ba, ban riƙe fuskarta ba balle muryarta. Abin da kowa yake faɗa mini game da ita abu ɗaya ne: ta iya waƙar niƙa. A zamanin da mata ke durƙusawa a gaban dutse suna niƙa gero da hannu, wai maƙwabta kan ɗauko hatsinsu su zo gidanmu don su yi aiki kusa da ita. Ita take ƙirƙirar waƙoƙinta, Inna kuma tana gefenta tana amshi. Da injin niƙa ya shigo gari, dutse ya koma bayan ɗaki, waƙoƙin suka rasa wurin zama. Inna kaɗai ta riƙe su. Ita kuma da ta je aikin hajji, a can ta rantse ba za ta sake waƙa ba.

Na daɗe ina roƙonta. Na bi ta hanyar aikina, na ce tarihi ne, ta ce tarihi ya nemi wani. Na bi ta hanyar zumunci, ta canza magana. Sai a wata bazara, bayan ganinta ya fara raguwa, ta aiko mini cewa in zo ranar kasuwar Jega, ranar da ɗanta yake kai raguna. Ba hana ta zai yi ba, amma mutum ne mai riƙon addini, kuma ba ta son ya san ta karya rantsuwa. Ta ce in zo ni kaɗai, kada kuma in gaya wa kowa abin da zai kawo ni.

Na iske ta ta aiki surukarta unguwa. Na fito da kwamfuta da makirfo na jona, na ce ta zauna a kan tabarma ta saki jikinta. Ta ce ba haka ake yi ba, waƙar ba ta fita sai hannu yana aiki. Muka zagaya bayan rumfar awaki, inda tsohon dutsen niƙa ya zama matakala. Mu biyu muka mirgino shi, muka wanke, ta zuba gero kaɗan, ta durƙusa da ƙyar tana dafa kafaɗata. Da farko ƙarar dutsen kawai ake ji. Can sai muryar ta biyo baya, siririya, tana rawa, daga nan ta daidaita da tafiyar hannun.

Akwai waƙar mijin da ya tafi cin rani kudu ya dawo da agogo maimakon zane. Akwai ta ban-ruwan albasa, wadda ke lissafa matan unguwa ɗaya bayan ɗaya da irin tafiyar kowace in ta ɗauko tulu. Akwai wata da ta ce mahaifiyata ta yi ne tana da cikina, tana yi wa abin da ke cikin faɗa saboda ya hana ta durƙuso. Ni kuma ina sanye da abin ji a kunnena, idona yana kan ma'aunin sauti, domin ƙarar dutsen tana neman danne muryar. Na matsar da makirfo, na sake matsarwa, na kare shi da gyalena daga iska. Aikin ya yi kyau. Na san ya yi kyau, domin na ga yadda layin sautin ya kwanta a allo babu inda ya tsage.

Da ta gama ta goge garin da ke hannunta a zaninta, ta ce, "Na yi miki sau guda, don uwarki. Kar ki sake roƙo na."

Na danna adanawa, kwamfutar ta ce babu wuri. Ban damu ba. Na rufe murfi, na ga fitilar ta fara ƙiftawa, na sa ta a jaka na fita bakin titi neman motar Jega.

A gida na jona caja, na ɗaga murfi. Allon bai kawo ba. Na jira, domin wani lokaci takan yi nawa. Na taɓa madannai, na shafa wurin yatsa, na rufe murfin na sake buɗewa a hankali, na kuma yi da sauri. Fitilar tana nan tana ƙiftawa kamar yadda ta saba. Na kara kunnena a jikinta, na ji fankar ciki ta ɗan motsa ta tsaya. Na jona linzami na waje na kaɗa shi. Na taɓa maɓallin kunnawa taɓawa ɗaya, na janye yatsana da sauri, domin na san in na danne shi ya daɗe za ta mutu gaba ɗaya, kuma abin da ba a adana ba zai tafi tare da ita. Ina cikin haka aka ɗauke wuta.

Na ɗauke ta zuwa shagon cajin waya na ɗan kawuna a bakin kasuwa, inda janareta ke aiki wuni guda. Taubashina ne, bai taɓa gani na ya ƙyale ni ba. Ya dubi kwamfutar, ya dube ni, ya ce ni da ita duk mun tsufa, bai san wa zai fara tayarwa ba. Na ce ya ba ni soket ya yi shiru. Ya miƙo hannu zai danne maɓallin, na buge hannun.

"Haka ake yi musu, tsohuwa," in ji shi. "A kashe ta da ƙarfi, ta tashi da hankalinta. Ko ke da an yi miki haka da kin gyaru."

Na ce akwai aiki a ciki. Ya ce ai kowa da ya kawo na'ura nan akwai aiki a cikinta. Duk wanda ya shigo karɓar wayarsa ranar sai ya tsaya ya ba ni shawara, kuma shawarar ɗaya ce. Wani ya ce a cire batir a mayar. Wani ya ce zafi ne, a sa ta a firji. Na zauna a kan benci da ita a cinyata, hannuna a kan maɓallin, har aka kira la'asar.

Daga nan na tuna da mijin wata abokiyar aikina, wanda yake kula da kwamfutoci a jami'ar da ke Aliero. Na kira shi. Mutum ne marar gaggawa. Ya tambaye ni yadda fitilar ke ƙiftawa, da ko fanka tana motsi, da ko na taɓa kashe ta tun da abin ya faru. Da na ce ban kashe ba, ya ce na yi daidai. Ya bayyana mini cewa muddin fitilar nan tana ƙiftawa, abin da na ɗauka yana nan a riƙe, amma wuta ce take riƙe da shi. Ya ce in kawo ta da safe.

Hanyar Jega zuwa Aliero ba ta da nisa, amma lokacin kwasar albasa ne, manyan motoci sun cika titi. Na zauna a gaba, jakar a ƙirjina, ina leƙa ciki ina duba fitilar kamar mai ɗauke da marar lafiya. A ofishinsa ya jona ta da wuta tukuna kafin ya amsa gaisuwata. Ya danna maɓallin manyan haruffa, wata ƙaramar fitila ta kama, ya sake dannawa ta mutu. Ya ce wannan alama ce mai kyau: na'urar ta ji shi, allon ne ya ƙi tashi tare da ita. Ya rufe labule, ya haska allon da tocilan waya ta gefe ko zai ga inuwar rubutu, bai ga komai ba. Ya danna wasu madannai tare, waɗanda ya ce sukan tilasta wa allo ya farfaɗo. Bai farfaɗo ba.

Abin da ya rage, in ji shi, shi ne a jona ta da wani allo na waje. In hoto ya fito a can, sai in kwashe tsofaffin hirarraki in adana sabuwar, daga nan duk abin da zai faru ya faru. Matsalar ita ce kwamfutata tsohuwar yayi ce, ramin da ke jikinta na wata irin waya ce mai shuɗin kai da ƙananan ƙusoshi, allunan ofishinsa kuwa duk sababbi ne. Akwai tsohon allo da wayarsa a ɗakin ajiya, amma mai riƙe da mabuɗin ya tafi gaisuwar rasuwa, sai bayan ƙarshen mako zai dawo. Shi ma ofishin ba ya samun wuta a ranakun hutu.

Ya ce in nemi inda wuta ba ta yankewa in ajiye ta. Ya ƙara da wata magana da ta kwantar mini da hankali: ko da ta mutu, ba lallai ne an yi asara ba, domin manhajar takan bar ɓurɓushin sauti a cikin ma'ajiya, kuma akwai yadda ake tattaro su a haɗa. Sharaɗin kawai shi ne kada a rubuta wani sabon abu a kansu.

Gida ɗaya na sani a Aliero da wutarsa ba ta yankewa, gidan surukaina. Mahaifin mijina babban dillalin albasa ne, ya sa sola a gidansa tun ba a saba ganinta a gari ba. Soket ɗin da ba ya mutuwa dare da rana yana falonsa, inda yake karɓar baƙi. Tun da aka kawo ni gidan nan amarya ban taɓa zama a falon yana ciki ba. Ba na kiran sunansa, ba na kallon fuskarsa, in mun haɗu a tsakar gida nakan durƙusa in gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon wani wuri. Haka ya kamata, kuma ban taɓa jin nauyin hakan ba sai ranar.

Na iske ya fita wajen rumfunan albasa. Na gaya wa Hajiya, uwar mijina, abin da nake so. Mace ce mai kirki, nan take ta kai ni falon, ta share kan teburi, na jona caja, ta ɗauko wani mayafi mai tsabta ta lulluɓe kwamfutar saboda ƙura. Na ce mata don Allah kada a taɓa ta, kada a cire wayar. Ta tambaye ni me ke ciki haka. A nan na tsaya. Masu sayen albasa suna zirga-zirga tsakanin Aliero da Maiyama kullum, maganar da aka yi a wannan gidan da safe tana iya kaiwa kunnen ɗan Inna kafin magariba. Na ce wasu waƙoƙi ne da nake tsoron su ɓace. Ta ce in sha Allahu ba abin da zai same su.

Na san maganar Hajiya ba ta da iko a falon Alhaji, saboda haka na kira mijina, wanda aiki ya kai shi Birnin Kebbi. Shi na gaya wa komai. Na ce ya kira Baba ya faɗa masa a bar na'urar yadda take. Ya ce to. Na manta, ko kuma na ƙi tunawa, cewa shi ɗan fari ne. Tsakaninsa da mahaifinsa gaisuwa ce da amsa umarni. Bai taɓa ce masa yi kaza ko bar kaza ba, kuma ba a kan kwamfuta zai fara ba. Daga baya ya faɗa mini abin da ya iya furtawa: ya gaishe shi, ya tambayi kasuwa, ya ce na'urar aikin mai ɗakinsa ta samu matsala, an ajiye ta a falo, hankalinta kuma a tashe yake. Baba ya ce ya ji. A wurin mijina, ya isar da saƙo.

Na koma Jega saboda yara. A ƙarshen makon nan na kira Hajiya fiye da yadda na saba, ina fakewa da gaisuwa. Kullum takan ce komai lafiya. A kira na ƙarshe na ji dariya a muryarta, ta ce in dai zo.

Da na shiga gidan, warin albasa ya cika tsakar gida, ana ta ɗinke buhuna a ƙofar zaure. Hajiya ta kama hannuna ta ja ni zuwa falo. Alhaji yana zaune a kujerarsa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. A kan teburin babu mayafi, babu caja. Kwamfutar tana cikin wata sabuwar jaka mai zif.

Bai dube ni ba, Hajiya ya duba. Ya ce, "Hwaɗa mata an gyara. Ba a barin kayan aikin mutum lalace cikin gidan ga, ina raye."

Hajiya ta miƙo mini jakar tana murmushi, ta ce in buɗe ya gani. Na buɗe a nan inda nake durƙushe. An goge jikinta har tana sheƙi. Na ɗaga murfi, allon ya kawo nan take, da hoton wani tafki da duwatsu da ban taɓa gani ba. Manhajar da nake aiki da ita babu ita. Jakunkunan hirarrakina babu su. A madadinsu akwai wasu sababbi a jere, kowace da sunanta: karatun Alƙur'ani, wa'azi, fina-finan Hausa, fina-finan Indiya, waƙoƙi.

Suna jira na. Na san abin da ake faɗa, kuma na faɗe shi da muryar da nake karanta sanarwa. Na ce na gode, Allah ya ƙara girma, Allah ya saka da alheri, ya bar mana Baba. Ya ce ba komai, ai 'ya ce. Ya ƙara gaya wa Hajiya cewa in wani abu ya sake samun ta a kawo, mai gyaran yaronsa ne na hannu. Na sake godiya. Hajiya ta ce in tsaya in ci abinci, na ce ana jira na a jami'a.

Ban wuce jami'a kai tsaye ba, na bi ta kasuwa. Mai gyaran magidanci ne mai fara'a, shagonsa rabi gyaran waya, rabi tura fina-finai da waƙoƙi ga masu so. Shi yake gyara wa Alhaji da baƙinsa wayoyi shekara da shekaru. Da ya ji ko ni wace ce ya tashi ya ba ni kujerarsa. Ya ba ni labarin aikin da alfahari, bai rage komai ba. Alhaji ne ya aika ya zo gida da kansa. Ya danne maɓalli ta mutu, ya kunna ta tashi, amma ya ga tana jan ƙafa kuma cikinta ya cushe. Da wani ne, da ya miƙa ta haka nan. Shi kuwa ya kawo ta shago ya yi mata fomatin, wato ya goge duk abin da ke cikinta, ya zuba sabon tsari.

Na tambaye shi ko ya nemi sanin abin da ke ciki kafin ya goge. Ya ce ya tambaya mana. An ce masa waƙoƙi ne.

"Ni kuwa, Hajiya, wace waƙa ce babu a wurina?" Ya nuna kwamfutar shagonsa. "Tsoho da sabo duk na zuba miki. Alhaji ba a yi mai rabin aiki. Sai da ta ce ba ta iya ɗauka sannan na tsaya."

Bai karɓi ko ladan turin ba, in ji shi, girmamawa ce. Na dube shi ina neman inda zan ajiye fushina, ban samu wuri ba. A sana'arsa, mayar wa babban mutum da na'ura wayam rowa ce.

Mijin abokiyar aikina ya riga ya fito da tsohon allon, ya ajiye shi a kan teburi da wayarsa mai shuɗin kai. Da na gaya masa, ya ce da wuya a samu wani abu. Duk da haka ya karɓa ya gwada. Ya ciro ma'ajiyar ya jona ta da tasa na'urar, ya saki wata manhaja ta bincike ta wuni tana lalube. Ya ce da fomatin kaɗai aka yi, da akwai fata, domin fomatin ba ya share komai da gaske, suna kawai yake cirewa. Amma an cika ma'ajiyar har baki, kowane gurbi an kwantar masa da sabon abu. Abin da ya tsamo ya kunna mini: guntun wata tsohuwar hira da ungozoma, da 'yan daƙiƙoƙi na muryata ina gwada makirfo a wani wuri da ban gane ba. Na Maiyama babu ko ƙarar dutse.

Na kira mijina daga bakin ƙofar jami'a. Ya yi salati, ya ce bai san Baba zai yi haka ba. Na ce ya sani, duk gidan sun san Baba ba ya ganin abu a lalace ya wuce. Ya roƙe ni kada in bari maganar ta koma gida, domin in tsohon ya ji alherinsa ya zama ɓarna zai daɗe bai manta ba. Na ce ba za ta koma ba. Har yau ba ta koma ba. Duk lokacin da muka je Aliero sai ya tambayi Hajiya ko na'urar tana aiki, ni kuma in amsa daga inda nake durƙushe cewa tana aiki.

Na zauna na yi ƙoƙarin rubuta abin da na tuna. Na samu karin waƙar ban-ruwa, zan iya rera shi da hanci, amma sunayen matan sun tsere mini. Daga waƙar da aka yi ina ciki, na riƙe ma'anar, ban riƙe kalmomin ba. Kunnen da aka horar ya saurari tsabtar sauti ba shi ne yake haddace baiti ba, kuma ranar tsabtar sauti na je nema.

Sai da na bari wata ranar kasuwa ta zagayo sannan na shiga motar Maiyama. Ban ɗauki kwamfuta ba. Surukar Inna ce ta tare ni a tsakar gida, ta ce gara da na zo, ko ni zan iya yi wa tsohuwa magana. Wai ta tsiri azumi a cikin wannan zafin, ta jera kwanaki, har jiri ya kwashe ta a bakin randa, kuma ta ƙi faɗa wa kowa na mene ne. Dutsen niƙan yana can bayan rumfar awaki, an mayar da shi matakala.

Na shiga ɗakinta. Ta rame, leɓunanta sun bushe. Da muka gaisa ta sa na tura ƙofa, ta gaya mini da kanta. Kaffarar rantsuwa ta yi. Ta san ciyar da miskinai ne a gaba, amma hatsin gidan a hannun ɗanta yake, in ta nemi mai yawa zai tambayi dalili, shi ya sa ta zaɓi azumi. Ta gama, ta sabunta rantsuwarta, yanzu zuciyarta ta kwanta. Ta ce ita ba ta son ta ji muryarta, amma in ajiye wa 'ya'yana mata, su san kakarsu ba bebiya ba ce.

Na gaya mata. Ban ƙawata ba, na jera mata shi yadda ya faru, tun daga allon da ya ƙi kawowa har zuwa shagon kasuwa. Ba ta gane zancen ma'ajiya da fomatin ba, amma ta gane an goge, kuma ta gane wanda ya sa. Ta daɗe tana murza bakin zaninta. Ban roƙe ta ba, ita ma ba ta jira in roƙa ba.

"To, ke dai kin ji," in ji ta.

Na ce na ji.

A waje surukarta ta kunna rediyo tana wanke-wanke. Inna ta juya kai wajen ƙofa kamar tana saurare, sannan ta juyo gare ni da idanun nan nata da ba sa gani sosai.

"Surukin naki, kin dai yi mai godiya ko?"

Na ce na yi.

Ta ce madalla. Ta ce in tashi in kama hanya tun rana ba ta yi ba, motocin Jega kan yi wuya ranar kasuwa.